Guɗar da ke Cikin Akwatina

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na gudu na bar kayana a tsakar gidan mutane, takalmi ɗaya a ƙafata, ɗayan kuwa ban san inda ya nufa ba. Yau sati biyu ke nan, amma har yanzu in na ji an rangaɗa guɗa a maƙwabta sai gabana ya faɗi, in kai hannu in taɓa jakata don in tabbatar ba daga ciki ta fito ba. Mamana ta ce in riƙa ba da labarin har ya daina ba ni tsoro. To ga ni ina bayarwa.

Bari in fara da akwatin, tunda shi ya jawo komai (ko da yake shi aikinsa kawai ya yi, laifin nawa ne). Yayana Illa ne ya kawo mini shi. Direba ne, yana ɗauko lemu da rumman da albasa daga Timia, wani lokaci kuma kaya su kai shi har Yamai. A can ya gan shi wurin masu sayar da tsofaffin kayan lantarki, ya ɗauka na'urar lissafi ce. Ya miƙo mini yana dariya, ya ce, "Tunda lissafi ne ya kayar da ke a jarrabawar bak, ga mai taimako." Sai da na sa masa pil, wato batir, na kunna na gane ba lissafi yake yi ba. Sampilar ake ce masa. Girmansa bai wuce littafin makaranta ba, yana da maɓallan roba goma sha shida, da ɗan mikro a goshinsa, da ƙaramin bafil, wato lasifika, a bayansa. Aikinsa ɗaya ne: ka ɗauki sauti, ka yanke shi, ka ajiye a maɓalli. In ka taɓa maɓallin sautin ya fito. In kana so ya yi ta maimaitawa, akwai wani ɗan jan maɓalli a gefe da za ka danna, shi ke nan, ba zai tsaya ba sai ka tsayar da shi. Ku riƙe wannan jan maɓallin, za mu dawo kansa.

Na san masu harkar kiɗan zamani ba su ɗauki irinsa a bakin komai ba. Na ƴan koyo ne, mafi araha a cikin danginsa. Amma ni da na zauna da shi shekara biyu, ko bayan abin da ya faru, ba zan ci amanarsa ba. A garin nan da kuran, wutar lantarki, ke tafiya ba sallama, shi pil huɗu sun ishe shi kwanaki. Ordinatar, wato kwamfuta, kafin ta buɗe ido an dafa shayi an sha na farko, shi kuwa kana kunnawa ya shirya. Zafin rani ba ya sa shi suma. Ba a aiko maka saƙo a cikinsa, balle ka bar aiki ka shiga kallon hotunan mutane. Kuma da hannu ake buga shi, yatsa na sauka sauti na tashi, kamar mai buga gangar tende, ba wai ka yi ta ja da ɗan ɓera kana kallon layuka ba. Har ƙarancin cikinsa ma alheri ne: da yake ba ya ɗaukar abu da yawa, dole ka zaɓa, dole ka san kowane sauti kamar yadda ka san mutanen ɗakinku. (Haka nake faɗa da alfahari a lokacin. Za ku ga yadda na san su.)

Na cika shi da Agadas. Luguden matan gidanmu a maɓalli na ɗaya da na biyu, shi ne gangata. Gudumar wani maƙerin azurfa a na uku. Zubin shayi daga kofi zuwa kofi. Kukan itacen da igiyar guga ke bi ta kansa a wani lambu na Timia, ranar da Illa ya tafi da ni. Ƙarar ƙofar butik, shagon Baba. Har da akuyar Mama, wadda in aka rage mata murya sai ta koma kamar wani babban mawaƙi mai baƙin ciki. Ɗan mikron nan ba ya ɗaukar sauti tsaf, yana sa masa wani kaushi, kuma kaushin ne ke sa taɓarya ta yi nauyi a kunne. In na haɗa su na sa kaske, abin sauraren nan, a kunnena, sai in manta na faɗi jarrabawa.

Baba bai manta ba. Shi mutumin Maradi ne, fatauci ya kawo shi nan, shekararmu shida a unguwar Dagmanet. Ranar da ya fara jin abin da nake yi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, makaɗiya?"

Na ce, "Ba kiɗa ba ne Baba, haɗa sauti ne."

Ya ce, "In an haɗa sautin, me yake zama?"

Ya juya ya tafi abinsa.

Da bikin ƙawata Rakiya ya taso, ita ta dage sai na yi wasa a zaman mata. Tare muka yi makarantar lise, benci ɗaya. Su mutanen tsohon gari ne, iyaye da kakanni duk a lungunan nan aka haife su. Na ce mata Baba ba zai yarda ba, sai ta turo mahaifiyarta, Tanti Hadiza, da kanta. Tanti Hadiza mace ce mai nauyi, ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin wanda ya ce mata a'a ya ji daɗin kansa ba. Baba ya yi ta jujjuya carbi, can ya ce, "Hajiya, don ke ce. Cikin mata kawai, kuma ta dawo kafin magariba." Sannan ya juyo gare ni. "In na ji magana ɗaya a kanki, ɗaya tak, akwatin nan ya bi Illa Timia a jefa shi rijiya. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Kuma Baba ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Yanzu sai in koma baya kaɗan, in gaya muku abin da ke maɓalli na sha biyu. Bara, a bikin yayar Rakiya, na je da akwatin a ɓoye cikin mayafi, ina neman guɗa mai kyau. Gidan ya cika, ni ina can baya, ba abin da nake gani sai ɗankwalaye. Da aka fito da amarya, wata murya ta tashi ita kaɗai kafin sauran su bi, na danna na ɗauka. Da na koma gida na saurara, sai na ga na yi tsintuwa. Guɗa ce doguwa, siririya, tana hawa sau biyu, kuma a ƙarshenta akwai wani ɗan karyewa, kamar mai ita ta so yin dariya ta fasa. Na yanke hayaniyar gabanta da ta bayanta, na bar karyewar don ta burge ni. Na ajiye. Ban tambayi ta wace ce ba. Gaskiya tambayar ba ta ma zo mini ba. A wurina guɗa guɗa ce, kamar yadda ƙarar ƙofa ƙarar ƙofa ce.

Kakar Rakiya kuwa, Inna Lalla, na san ta sarai. Ƴar tsohuwa ce ƙarama, kullum tana zaure da butar shayinta, in na shigo ta ce, "Ƴar Maradi, yau ma an zo cin tuwonmu?" Ba ta son waya. Da wani ya ɗaga waya zai ɗauke ta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba za a sa ta a aljihu ba. Ta rasu da zafin nan da ya wuce, na je gaisuwa, na yi kuka tare da Rakiya. Ko sau ɗaya ban haɗa wannan ƙaramin jikin da waccan doguwar muryar ba.

Ranar bikin na isa bayan azahar. An kafa rumfa a tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, masu girki suna can baya da manyan tukwane. A bakin zaure na tarar da Usmanu mai sono, mai kayan sauti, wanda aka ɗauko da bafil ɗinsa da gurup, injin ba da wuta, shi kaɗai ne namiji, shi ma an ce kar ya wuce bakin ƙofa. Ya dubi akwatina ya dube ni.

"Madmazel, wannan ne kayan aikin? Ko kin bar na gasken a gida?"

Na ce wannan ne.

"To Allah ya ba da sa'a. Ɗana ma yana da irinsa, nasa yana kukan kyanwa."

Na miƙa hannu. Ya ba ni fil, igiyar haɗawa, na soka a akwatin, ya haɗa da bafil. Shi ya fara sa waƙoƙi daga ordinatar ɗinsa, ba a yi nisa ba zafi ya kama ta, ta tsaya cak a tsakiyar waƙa. Ya ɗora ta kan randa, ya shiga yi mata fifita da murfin kwali kamar mai jinya. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Madmazel, ko za ki ɗan riƙe mana su?"

Na riƙe su kuwa. Na fara da lugude, na sa gudumar maƙeri a kai, na danna jan maɓallin suka shiga zagayawa. Da farko matan sun tsaya suna kallona. Sai wata ta ce, "Kai, wannan ba turmi ba ne?" Wata ta ce, "Wallahi turmi ne, ji taɓarya!" Suka fashe da dariya, kafin ka ce me an miƙe. Tsofaffi ma suna kaɗa kafaɗa daga zaune. Da na saki akuyar Mama, wata goggon ango ta riƙe ciki har da hawaye. Na saci kallon Usmanu, na ga fifitarsa ta tsaya. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin kaina ya kumbura har ɗankwalina ya matse ni. Na fara tsara abin da zan gaya wa Baba. Na fara tunanin sunan da zan sa wa kaina in na shahara.

Bayan la'asar wata ta zo ta raɗa mini cewa za a fito da amarya, in tsayar. Na tsayar da kiɗan, amma ban kashe jan maɓallin ba, don ina jiran in ci gaba.

Aka fito da Rakiya a lulluɓe, ƙawaye biyu na riƙe da ita, Tanti Hadiza na bayansu. Aka zaunar da ita a tsakiyar tabarma. Sai gidan ya yi shiru.

Abin da ban sani ba (kuma kowace mace a gidan nan ta sani, har masu wanke kwanoni) shi ne, a dangin su Rakiya ba mai buɗe baki da guɗa in an fito da amarya sai Inna Lalla ta fara. Haka ake tun kafin a haifi Tanti Hadiza. Ita ke buɗewa, sauran su bi. Wannan shi ne biki na farko bayan rasuwarta, kuma yanzu gadon ya faɗo kan ɗiyarta. Duk idanu na kan Tanti Hadiza, ana jira, ita kuwa ta tsaya, leɓenta na motsi, abin ya ƙi fitowa. Shirun nan na makoki ne da kunya da jira, duk a haɗe.

Ni kuwa, gwanar sauti, abin da na ji shi ne rami a tsakiyar shiri. Na ce a raina, bayin Allah, sun gaji da rawa, murya ta ƙare. Bari in taimaka musu.

Na danna na sha biyu.

Bafil ɗin Usmanu manya ne, kuma ya ƙure su. Guɗar ta tashi ta cika gidan, ta hau sau ɗaya, ta hau sau biyu, ta zo wurin ɗan karyewar nan. Ina murmushi ina jiran a bi ta. Ba wadda ta bi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta saki kofin shayinta. Sai na ji an ce daga can tsakiya, da wata irin murya, "Inna ce. Wallahi Inna Lalla ce!"

Kuma da yake jan maɓallin na kunne, guɗar tana kaiwa ƙarshe ta sake farowa.

Ban iya ba ku labarin abin da ya biyo baya a jere ba, don ban gan shi a jere ba. Na ji salati ta ko'ina. Na ga mata suna tashi suna taka mayafan juna. Na ga tiren shinkafa ya kife. Goggon angon nan mai dariya ta rufe kai da tabarma tana a'uziyya. Wasu sun yi zaure, suka tarar wasu sun riga su, aka cushe. Rakiya, wadda al'ada ta ce kar ta motsa kar ta yi magana, ta yaye lulluɓi tana waige-waige tana cewa, "Inna? Inna?"

Ni fa? Ni ce kaɗai a duk gidan na san daga inda muryar ke fitowa. Yatsana ne ya fito da ita. Maɓallin tsayarwa yana nan ƙarƙashin babban yatsana. Na yi shekara bakwai ina zama a aji ana koya mini yadda sauti ke tafiya cikin iska. Amma da na ji an ce Inna Lalla ce, na tuna matar da ta ce ba za a sa ta a aljihu ba, sai wani sanyi ya taso mini daga ƙafa. Abin da ya zo mini shi ne, ta gano inda na ɓoye ta, ta zo karɓar kayanta. Na ajiye akwatin a kan kujera a hankali, kamar kar in tashe shi, na juya na zura da gudu. Na bi ta bayan rumfa, na tsallake wata tukunya, na shige ɗakin da ake ajiye gawayi da buhunan albasa, na tsuguna a bayan ƙofa.

Daga nan na ji sauran. Usmanu, Allah ya saka masa, ya kashe gurup. Bafil suka mutu, gidan ya yi tsit, na ji ana sauke numfashi. Da ya tsaya nan da an huta. Amma sai ya keta dokar bakin ƙofa, ya shigo ya fizge fil ɗin daga jikin akwatin don ya tabbatar. To shi akwatin nan, in fil na jikinsa bafil ɗinsa na ciki shiru yake, da an zare sai ya karɓi aiki. Kuma kuran bai dame shi ba, pil gare shi, sababbi, ni na sa su da safe. A cikin wannan tsit ɗin, ba gurup, ba kuran, ba fil, sai ga muryar ta dawo, ƴar ƙarama, daga kan kujerar da ba kowa. An ce Usmanu ya ja da baya har ya zauna cikin shinkafar da ta zube. Duk abin da na yi shekara biyu ina yabon akwatin nan da shi, ranar ya nuna wa jama'a shi ɗaya bayan ɗaya.

Ban san tsawon lokacin da na yi cikin albasa ba. Wata daga cikin masu girki ce ta buɗe ƙofar, ta dube ni, ta ce, "Ke ce mai akwatin? Taso, Hajiya na kira."

Na ce, "Ba na iyawa."

Ta ce, "Mu ma ba mu iya kashe shi ba. Taso."

Tsakar gidan nan ba ta da girma, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, zanena duk gawayi, ɓawon albasa a ɗankwali. Mata sun jeru a jikin bango suna kallona. Tanti Hadiza ce kaɗai a tsakiya. Ta ɗauki akwatin ta rungume shi a ƙirji da hannu biyu, muryar na ta fita ta tsakanin yatsunta, fuskarta sharkaf da hawaye. Ta miƙo mini shi. Sai a karo na biyu na sami maɓallin. Ya yi shiru.

Na buɗe baki in ba da haƙuri, ta ce, "Je ki gida, ɗiyata."

Na bi ta zaure, akwatin a hammata. Ina cikin lungu, ban kai bakin hanya ba, na ji wata guɗa ta tashi daga gidan. Na duba akwatin da sauri, a kashe yake. Wannan gajeriya ce, a dishe, ta karye tun kafin ta hau. Sai sauran muryoyi suka bi ta, da yawa, har lungun ya amsa. Ban tsaya ba. Na hau kabu-kabu da takalmi ɗaya, mai babur ɗin ya duba ƙafata ya duba fuskata, ya yi hankali bai tambaya ba.

Labari ya riga ni isa Dagmanet. Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya sa akwatin cikin kabad ɗinsa ya kulle, ya ce, "Illa zai tafi Timia ran Asabar." Mama ta kawo mini abinci na kasa ci. Na rubuta wa Rakiya saƙo ya fi sau goma ina gogewa. Me zan ce? In ce ki yi haƙuri na tayar da kakarki a bikinki? Kwana uku ban leƙa ƙofar gida ba. Abin da ya fi ci mini rai, duk da kunyar da tsoron, ina jin ciwon akwatin. Luguden, da itacen rijiyar, da shekara biyun da na zuba a ciki. Sai in ji haushin kaina, in ce ji wannan, ta ɓata bikin mutane tana kukan abin wasanta.

Ran Juma'a da hantsi aka yi sallama. Muryar Tanti Hadiza. Na tsaya a ɗaki ina neman inda zan shiga, gidanmu kuwa ba ɗakin albasa. Mama ta jawo ni. Tanti na zaune kan tabarma, Baba na gefe kansa a ƙasa, yana ta jera ban haƙuri: yarinta ce, rashin sani ne, gobe-goben nan abin zai bar garin.

Ta bar shi ya gama. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da takalmina ta ajiye a gabana. "A cikin tukunyar miya aka same shi," ta ce. "An wanke."

Na durƙusa. Na ce, "Tanti, wallahi ban san tata ba ce. Ban san guɗa tana da mai ita ba. In Baba ya buɗe kabad, yanzu a gabanki zan goge ta."

Ta ce, "Ki goge wa?"

Ta dubi Baba.

"Alhaji, a ɗauko mini abin nan."

Baba ya tashi ya ɗauko. Ta karɓa ta jujjuya shi, ta ce, "Mu bakwai ta haifa. Jikoki ban san iyakarsu ba, kowa da wayarsa mai tsada. Na bi su ɗaya-ɗaya tun da ta rasu, ba wanda ke da muryarta. Ta hana kowa. Sai ke, ƴar Maradi, kika sace ta a cikin mayafi da wannan abin kamar sabulu." Ta ɗan yi dariya, ta share ido da bakin gyale. "Ranar nan na tsaya, maƙogwarona ya kulle. Na ce a raina, Inna, ba zan iya ba. Sai ga ta. Ko a raye haka take, ba ta jiran kowa ya shirya."

Baba ya ce, "Amma Hajiya, mutane sun firgita."

"Sun firgita. Goggon ango har yau ba ta shiga bayan gida ita kaɗai. Kuma yarinyar nan ta yi laifi, ba a ɗaukar muryar mutum bai sani ba, ko da mai rai ne." Ta dube ni har na sunkuyar da kai. "Sa mini ita. Sau ɗaya. Ba irin na ranar nan ba."

Na duba jan maɓallin sau uku kafin in taɓa na sha biyu. Muryar ta fito ta ƙaramin bafil ɗin, ta hau, ta sake hawa, ta karye a wurin da take karyewa. Wannan karon na ji ta. Na ga bakin, na ga butar shayin, na ji "yau ma an zo cin tuwonmu?" Ban san ina kuka ba sai da Mama ta taɓa ni.

Tanti Hadiza ta ɗora yatsa a kan maɓallin, ba ta danna ba. Ta ce, "Wannan nawa ne. Ba ki taɓa shi sai na ce, ba ki goge shi. In na so ji zan aiko a kira ki." Ta juya ga Baba. "Alhaji, ka ji. Uwata na ciki. In ka ga za ka jefa ta rijiya, to."

Baba ya gyara zama. Ya dubi akwatin kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ce, "Wa ya ce rijiya? Ni cewa na yi a adana shi wuri mai kyau."

Illa ya tafi Timia ran Asabar da buhunansa kawai. Rakiya ta turo mini saƙo daga gidan mijinta, ta ce ta yafe, amma in Allah ya kawo suna, in zo da hannuwana kawai. Usmanu kuwa ya aiko tambaya ta bakin Illa, wai a ina ake samun irin akwatin nan, don shi bai taɓa ganin na'urar da aka kashe mata komai ta ƙi mutuwa ba.

Yanzu maɓallai goma sha biyar gare ni. Na sha biyu na liƙa masa farar takarda na rubuta sunanta, kuma in ina bugawa yatsuna na zagaye shi kamar yadda ake zagaye tsohuwa a zaure. Sauran ma na bi su na tambaya. Luguden ashe na Mama ne da maƙwabciyarmu Ta-Sallah, wadda ta ce ba komai, amma in daina sa ta kusa da akuya. Maƙerin ya ce in ƙara masa ƙarfi. Akuyar ce kaɗai ba ta ce komai ba.

In kuna neman abin fara haɗa sauti, har gobe ƙaramin akwatin nan zan ce ku saya. Ba ya gajiya, ba ya mantuwa, ba ya jiran kuran. Sai dai ba ya gaya muku muryar wa kuka ɗauka, wannan aikin naku ne. Kuma in kuka je bikin mutane kuka ji an yi shiru, ku ajiye yatsunku a cinya. Wataƙila shirun yana da mai shi.